Simon Estes: Jikan Bawa da Ya Zama Muryar Sarakuna

A cikin al'adun Turawa akwai wani nau'in wasan kwaikwayo da suke kira ofera, wanda ya tsiro a ƙasar Italiya wajen shekarar 1600, daga bisani ya bazu zuwa Faransa da Jamus da Rasha, har ya tsallaka teku ya isa Amurka. Bambancinsa da wasan kwaikwayon da muka saba gani shi ne, a galibinsa ba a yin magana irin ta yau da kullum. Duk abin da ɗan wasa zai faɗa, gaisuwa ce ko gori ko kuka, rera shi zai yi, yayin da makaɗa saba'in ko ɗari ke zaune cikin wani rami a gaban dandamali suna ta kiɗa. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ba a ba mawaƙin makirfo. Da ƙirjinsa da maƙogwaronsa kaɗai zai ɗaga murya ta haye kan dukkan waɗannan kayan kiɗa, ta isa kunnen wanda ke kujerar ƙarshe. Babban gidan ofera na birnin Niyok, wanda ake kira Metropolitan, yana da kujeru kimanin 3,800, kuma duk wanda ya biya kuɗinsa yana da haƙƙin ya ji kowace gaɓa.

Masu wannan sana'a sun kasa muryoyin maza kashi uku. Akwai ta sama, siririya mai kaifi, da suke kira tena. Akwai ta tsakiya, wato bariton. Sannan akwai ta can ƙasa mai kauri, wato bas. Tsakanin biyun nan na ƙarshe kuma ana samun wata murya da ba kasafai ake dacewa da ita ba, mai zurfin bas amma tana iya hawa sama kamar bariton ba tare da ta karye ba. Ita ce bas-bariton. In da za a kwatanta da kayan kiɗanmu, sai a ce tena ita ce algaita, bas-bariton kuwa tambari, wanda ba a buga wa kowa sai sarki. Haka abin yake a can ma. Saurayi mai neman aure, tena ake ba shi. Amma sarki, da uba, da babban limamin gumaka, da mugu mai iko, waɗannan rabon masu kaurin murya ne.

Mutumin da nake son in ba da tarihinsa a wannan fitowa, Simon Estes, irin wannan murya Allah ya ba shi. Baƙar fata ne ɗan Amurka, kuma ya taso a zamanin da ƙasarsa ba ta shirya ganin baƙar fata sanye da rawanin sarki, fararen fata na durƙusa masa ba, ko da a wasa ne. Saboda haka sai da ya bar gida ya yi shekaru goma sha bakwai yana shan tafi a ƙasashen wasu, kafin babbar ƙofar gidansu ta buɗe masa.

An haife shi ranar 2 ga Maris, 1938, a Centerville, wani ƙaramin gari na masu haƙar kwal a kudancin jihar Ayowa. Mahaifinsa ma'aikacin ramin kwal ne wanda bai yi nisa a karatu ba. Kakansa kuwa bawa ne, an taɓa sa shi a gwanjo aka sayar a kan dala 500. Ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya a nan. An haramta bauta a Amurka a 1865, shekara saba'in da uku kacal kafin haihuwar yaron, don haka labarin bauta a gidansu ba abin da ake karantawa a littafi ba ne, labarin kaka ne da ake ji daga bakin uba.

Ayowa tana arewa ne, ba ta cikin jihohin kudu da suka rubuta wariyar launin fata a cikin dokokinsu. Amma abin da doka ba ta rubuta ba, al'ada ta rubuta. Estes ya sha ba da labarin yadda a gidan silimar garinsu ake tura baƙaƙe wani lungu a saman bene, da yadda wurin ninkayar gari ba ya buɗe musu sai na ɗan lokaci a mako, in sun fita kuma a ƙara zuba magani a ruwan. Ya kan ce duk lokacin da ya dawo gida da ɓacin rai, mahaifiyarsa ba ta ba shi shawarar ramuwa, sai dai ta ce ya yi wa wanda ya cuce shi addu'a. Gida ne na masu riƙon addinin Kirista, kuma a cocin Baftis na garin ya fara rera waƙa tun yana ƙarami. Muryarsa ta yi jinkirin yin kauri, har wajen ƙarshen karatunsa na sakandare da siririyar murya yake waƙa. Babu wanda zai ji shi a lokacin ya ce ga tambari nan tafe.

A 1957 ya shiga Jami'ar Ayowa da niyyar zama likita. Daga baya ya sauya zuwa nazarin halayyar ɗan Adam, ya kuma taɓa karatun addini. Babu mai biya masa, don haka da wanke-wanke da goge daɓe da makamantansu ya riƙa ciyar da kansa, karatun kuma ya yi ta jan ƙafa. Ya nemi shiga babbar ƙungiyar mawaƙan jami'ar, aka ce muryarsa ba ta kai ba. Sai ya koma wata ƙaramar ƙungiya ta ɗalibai mai suna Old Gold Singers, inda ya zama baƙar fata na farko a cikinsu. A nan ne wani malamin koyar da murya, Charles Kellis, ya ji shi.

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san cewa aikin malami kashi biyu ne. Akwai koyarwa, wadda kowa ya gani. Akwai kuma gane ɗalibi, wadda ita ce mai wuyar, domin ba a koyar da ita a kwalejin horon malamai, kuma babu sufeton da zai zo ya auna ta. Kellis ya ji abin da wasu suka ji suka ce bai kai ba, shi kuwa ya ce wa saurayin yana da muryar ofera. Estes da bakinsa ya ce a lokacin bai ma san mene ne ofera ba. Malamin bai yi masa dariya ba. Ya ɗauko faya-fayen garmaho na manyan mawaƙa ya sa masa ya saurara, sannan ya zauna da shi yana koya masa yadda ake ajiye numfashi, da yadda ake buɗe maƙogwaro, da yadda ake furta harsunan da bai taɓa ji ba. Da ya ga lokaci ya yi, shi ne ya shirya masa hanyar zuwa makarantar kiɗa ta Juilliard a Niyok, har aka shirya taron waƙa don tara masa kuɗin tafiya. Estes ya zagaya duniya bayan haka, ya yi aiki da manyan jagororin makaɗa na zamaninsa, amma bai taɓa daina faɗin cewa Kellis ne malaminsa na murya ba. Irin wannan riƙon alkawari tsakanin ɗalibi da malami ya yi ƙaranci, a can da nan duka.

Ya shiga Juilliard a 1964, shekarar da Amurka ta zartar da babbar dokar nan ta 'yancin jama'a da ta haramta wariya a wuraren taruwa. Bai daɗe a can ba. A 1965 ya haɗa ɗan tallafin da ya samu ya nufi Jamus.

Me ya sa Jamus? Akwai dalili na launin fata, akwai kuma na tsarin aiki, kuma bai kamata a manta da na biyun ba. A Amurka ta wancan lokaci gidajen ofera 'yan kaɗan ne, kuma da kuɗin attajirai masu ba da gudummawa suke rayuwa. Wanda ya biya kuɗin kiɗa kuwa shi ke zaɓen rawa. A Jamus abin ba haka yake ba. Tun zamanin da ƙasar ke rarrabe cikin ƙananan masarautu, kowane sarki ya gina nasa gidan ofera don gasa da maƙwabcinsa. Da sarautun suka shuɗe sai gwamnatocin jihohi da birane suka gaji gidajen, kimanin tamanin, suna biyan mawaƙa albashi kamar ma'aikatan gwamnati. Gidajen da ke wasa kusan kowane dare suna da yunwar muryoyi, don haka matasan Amurka, farare da baƙaƙe, suka riƙa tururuwa can. Ga baƙar fata kuwa, nan ce kusan ƙofa ɗaya tilo.

Babban gidan ofera na Balin ta Yamma, wanda ake kira Deutsche Oper, ya gwada muryarsa ya ɗauke shi. A cikin 1965 ya hau dandamali karo na farko a wasan Aida na Giuseppe Verdi. Wannan wasa yana da alaƙa da nahiyarmu, domin mai mulkin Masar, Isma'il Pasha, shi ya sa aka tsara shi, kuma a Alƙahira aka fara nuna shi a watan Disamba na 1871. Labarin wata gimbiyar Habasha ce da aka kama baiwa a fadar Fir'auna. Estes ya fito a matsayin Ramfis, babban limamin gumakan Masar, wanda ke yanke hukuncin kisa. Yana da shekara ashirin da bakwai, kuma 'yan shekaru kaɗan kafin nan bai san akwai wannan sana'a a duniya ba.

Shekara ta zagayo, sai ga shi a Mosko. Gasar Tchaikovsky ita ce babbar gasar kiɗa ta Tarayyar Sobiyet, kuma a zamanin yaƙin cacar baka ba wasa ba ce kawai, fagen nuna isa ne tsakanin manyan ƙasashen biyu. Tun da Ba'amurke Van Cliburn ya lashe ta da kiɗan fiyano a 1958, Amurkawa suka sa mata ido. A 1966 aka ƙara ɓangaren murya karo na farko. A gefen maza ɗan Sobiyet Vladimir Atlantov ya zo na ɗaya, Estes kuma ya sami lambar tagulla ta matsayi na uku. Da ya koma gida shugaba Lyndon Johnson ya gayyace shi fadarsa ya yi waƙa.

Mai karatu zai zaci daga nan shi ke nan, kakarsa ta yanke saƙa. Ina! Ƙasar da ta yi alfahari da shi a gaban Rashawa ba ta san inda za ta ajiye shi a gida ba. Gidan ofera na San Faransisko ya yi masa adalci gwargwado, ya ba shi gurabe masu kyau. Amma a wasu manyan gidajen, ko dai a ba shi ɗan ƙaramin gurbi na minti biyar, ko a yi shiru. A daidai wannan lokaci kuwa Hambag da Munik da Biyana da Faris da Zurik suna kiransa, har ya kai ga La Scala ta birnin Milan a 1977, gidan da Italiyawa ke ɗauka a matsayin fadar wannan sana'a. A Zurik ta ƙasar Suwizalan ya yi zamansa shekaru masu yawa.

Ba wai babu baƙar fata ko ɗaya a manyan dandamalan Amurka ba. Marian Anderson, wadda aka hana ta wani zaure a Washinton a 1939 saboda launinta har ta yi waƙa a fili gaban mutane kimanin 75,000, ita ta buɗe ƙofar Metropolitan a ranar 7 ga Janairu, 1955. Makonni uku bayan haka Robert McFerrin ya zama namiji baƙar fata na farko da ya fito a babban gurbi a gidan. A 1961 Leontyne Price ta shiga, ta kuma zama sarauniyar gidan na tsawon shekaru ashirin da huɗu. Bayanta mata baƙaƙe da yawa sun biyo, amma maza sai ɗaiɗaiku. Estes bai ɓoye ra'ayinsa a kan dalilin haka ba, ya kuma faɗe shi ga 'yan jarida sau da yawa, ko da yake faɗin bai ƙara masa masoya a ofisoshin masu ɗaukar aiki ba. A ganinsa, masu kuɗin da ke riƙe da gidajen suna iya jure ganin mace baƙa a hannun farin namiji, amma namiji baƙi yana rungume da farar mace a bainar jama'a, wannan ya taɓo tsohon miki na tarihin Amurka.

Ni a nawa ganin akwai ƙari a kan wannan, kuma ya shafi irin muryarsa. Mai bas-bariton ba kasafai yake fitowa a saurayi ba. Abin da ake ba shi shi ne iko. Shi ne Filibus na Biyu, sarkin Sifen, a wasan Don Carlo, wanda fadawa ke zubewa a gabansa. Shi ne Boris Godunov, sarkin Rasha. A sa baƙar fata ya fito a sarkin Habasha da aka kamo a yaƙi, wannan bai dami kowa ba, domin ya dace da hoton da ke zukatansu. Amma a ɗora shi a gadon sarautar Turai, dogarai farare na yi masa fadanci, nan ne gizo ke saƙar. Muryar da ta ɗaukaka shi ita ce kuma ta kai shi daidai inda katangar ta fi kauri.

Wurin da ya fasa katangar kuwa, shi ne inda ba wanda ya zata. A arewacin jihar Bavariya ta Jamus akwai wani ƙaramin gari mai suna Bayreuth, ana furta shi Bairoit. A nan mashahurin mai tsara kiɗa Richard Wagner, wanda ya rayu daga 1813 zuwa 1883, ya gina gidan wasa na kansa a kan tudu, aka buɗe shi a 1876, ba a kuma nuna wasan kowa a cikinsa sai nasa. Kowace shekara a watannin Yuli da Agusta masoya ke taruwa daga ko'ina, su zauna a kujerun katako marasa laushi na tsawon sa'o'i, a dā ma wasu sai sun yi shekaru suna jiran tikiti. Wagner ya ɓoye makaɗansa a ƙarƙashin dandamali yadda ba a ganinsu, sai dai a ji kiɗa na tasowa kamar daga cikin ƙasa. Gwani ne wanda ba a musun gwanintarsa, amma mutum ne mai ƙyamar Yahudawa, har ya rubuta ƙyamar tasa ya buga a 1850. Bayan mutuwarsa gidan ya zama matattarar masu aƙidar fifikon jinsin Jamusawa. Surukarsa Winifred aminiyar Hitila ce, kuma Hitila ya riƙa halartar bikin a shekarun 1930 kamar gidan ubansa. Bayan yaƙi sai a 1951 aka sake buɗe shi a hannun jikokin Wagner biyu, Wieland da Wolfgang, waɗanda suka ɗauki aniyar wanke sunan gidan. A 1961 Wieland ya kawo Grace Bumbry, baƙar fata 'yar Amurka. Wasiƙun ƙorafi suka yi ta zuwa, amma daren farko masu kallo suka yi ta tafi har kusan rabin sa'a. Namiji baƙi kuwa a babban gurbi, sai da aka ƙara shekara goma sha bakwai.

A 1978 Wolfgang Wagner ya ba Estes gurbin jarumi a wasan da za mu iya fassara sunansa da Baholande Mai Yawon Teku, wanda aka fara nunawa a Dresden a 1843. Labarin wani matuƙin jirgin ruwa ne da ya yi saɓo, aka la'ance shi da yawo a teku har tashin kiyama, ba mutuwa ba hutawa. Sau ɗaya a kowace shekara bakwai ake barinsa ya taka tudu, ko zai sami macen da za ta riƙe masa amana har mutuwa, domin ita kaɗai za ta iya kwance masa la'anar. Wagner ya rubuta wannan gurbi ne musamman don irin muryar da shi kansa ya kira bas mai hawa sama. Fitowar jarumin ta farko doguwar waƙa ce ta fiye da minti goma, shi kaɗai, daga raɗa har zuwa tsawa, kuma a nan ake gane wanda ya isa da wanda bai isa ba.

Mai tsara wasan, Harry Kupfer, daga Jamus ta Gabas aka ɗauko shi, kuma ya zo da wata sabuwar fahimta: ya mai da dukkan labarin ya zama mafarkin yarinyar, Senta, wadda garinsu ya ishe ta, ta ƙirƙiro wa kanta baƙo daga teku. Gaban jirgin ya buɗe kamar tafukan hannu biyu, sai ga Estes a ciki, ɗaure, yana fama ya kuɓuta. Ko mai tsarawar ya nufi haka ko bai nufa ba, duk wanda ya san tarihi ya ga abin da ya gani: jikan bawa ɗaure a cikin jirgin ruwa, a gidan da Hitila ya taɓa zama. Sa'an nan ga farar yarinya, wadda Lisbeth Balslev 'yar Denmak ta fito a matsayinta, tana ba da ranta dominsa. Wato abubuwan nan biyu da aka ce masu kallo ba za su jure ba, iko da soyayya, duka aka haɗa masa a dare ɗaya, rufin gidan kuma bai faɗo ba. An ci gaba da maimaita wannan tsari har 1985, shekarar da aka ɗauke shi a fim, kuma masana na lissafa shi cikin fitattun ayyukan da aka yi a gidan bayan yaƙi. Daga 1982 kuma aka ƙara masa gurbin Amfortas, sarki mai rauni a wasan Parsifal.

Sai bayan duk wannan Metropolitan ta buɗe masa babban zaurenta. Ranar 4 ga Janairu, 1982, ya fito a matsayin Hermann, hakimin ƙasar Turingiya, a wasan Tannhäuser na Wagner. Yana dab da cika shekara arba'in da huɗu. Ƙarfin mawaƙin ofera kamar na ɗan kokawa ne, yana da lokacinsa. Shekarun da aka hana shi a gida ba za a iya maido masa da su ba, ko da wane irin tafi aka yi masa a daren.

Ba a nan rigima ta ƙare ba. Gurbin da kowane mai irin muryarsa ke mafarki shi ne Wotan, babban abin bautar maguzawan Jamus na dā, mai ido ɗaya da mashi a hannu, a cikin jerin wasanni huɗu na Wagner da ake kira Zobe, waɗanda in aka haɗa su sukan kai sa'a goma sha biyar. Da Bayreuth ta tashi sabunta su a 1983, ƙarƙashin jagoran makaɗa Georg Solti da mai tsara wasa Peter Hall ɗan Ingila, an gwada muryar Estes amma ba a ba shi ba. Shi ya fito fili ya ce launinsa ne ya hana. Su kuma suka musanta, suka ce hukunci ne na sana'a. Zuciya dai ba a leƙa ta. Abin da tarihi ya rubuta shi ne, a 1984 Balin ta ba shi Wotan a sabon tsarin Götz Friedrich, a 1986 kuma shi ya riƙe mashin a daren buɗe kakar wasanni ta Metropolitan. Gaskiya kuma ita ce ba duk masu sharhi suka gamsu da shi a wannan gurbi ba. Wasu sun yaba zurfin muryar da kwarjininsa, wasu sun ce ba ya sarrafa kalmomi yadda gurbin ke bukata, kuma a shekarun da suka biyo James Morris ne ya zama Wotan na gidan. Faɗin haka bai rage masa komai ba. Daidaiton da ya yi ta nema ai shi ne a auna shi da ma'aunin da ake auna kowa, a yabe shi ko a kushe shi a kan waƙarsa.

Shekarar 1985 ta zo masa da darare biyu da ba a mantawa. Ranar 3 ga Janairu Leontyne Price ta yi bankwana da dandamalin ofera a wasan Aida, aka watsa a talabijin, Estes kuma shi ya fito a mahaifinta, Amonasro sarkin Habasha. Wata guda bayan haka Metropolitan ta nuna Porgy and Bess na George Gershwin karo na farko, shekara hamsin cif bayan an tsara shi, Estes a matsayin Porgy, Grace Bumbry a matsayin Bess. Wasa ne a kan talakawa baƙaƙe na birnin Charleston, jaruminsa gurgu ne mai bara, kuma magadan Gershwin sun shar'anta cewa baƙaƙe ne za su rera shi. Wannan sharaɗi ya ciyar da mawaƙa da yawa, ya kuma zama musu keji, domin wanda ya fara da Porgy sau da yawa a Porgy yake ƙarewa. Estes ya zo gare shi ne bayan ya riga ya yi sarauta a Sifen da Rasha da Jamus a kan dandamali, don haka babu mai cewa iyakar abin da ya iya ke nan. A tsawon aikinsa ya fito a gurabe fiye da ɗari, cikin Italiyanci da Jamusanci da Faransanci da Rashanci da Ingilishi.

Tun yana tsakiyar tashensa ya fara waiwayen baya. A 1983 aka kafa gidauniyar tallafin karatu da sunansa a birnin Tulsa na jihar Okalahoma, a 1993 kuma ya kafa wata a Suwizalan don kula da yara. Ya rera waƙa a gaban Nelson Mandela da Desmond Tutu, kuma bayan faɗuwar mulkin wariya aka buɗe makarantar sakandare ta kiɗa da sunansa a yankin Kef Tawun, wadda a ƙarshen shekarun 1990 ya kai wasu ɗalibanta Ayowa suka yi karatu. Da ya je Afirka ta Kudu waƙa a lokacin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya a 2010, ya ji irin ɓarnar da zazzaɓin cizon sauro ke yi wa yaran nahiyar, ya koma gida ya shiga tara kuɗin sayen gidajen sauro. Ya kuma koyar a Jami'ar Boston da Kwalejin Wartburg da Jami'ar Jihar Ayowa, ya buga tarihin rayuwarsa a 1999.

Amma aikin da ya fi jan hankalina shi ne wanda ya fara a 2010, yana da shekara saba'in da biyu. Jihar Ayowa tana da gundumomi 99, kwatankwacin ƙananan hukumominmu, galibinsu ƙauyukan manoman masara ne da ba su taɓa ganin gidan ofera ba. Estes ya ɗauki alkawarin zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya yi waƙa, ya raɗa wa shirin suna mai ma'anar saiwoyi da fukafukai. Mutumin da ya saba da La Scala sai ga shi a zauren taron makarantar sakandare, ko a coci, yara 'yan makarantar garin na tsaye a bayansa suna amshi. Wani kaso na kuɗin ƙofa kuma a gundumar yake zama, a raba wa ɗaliban da suka gama sakandare su tafi gaba. Bai tara kuɗin a birni ya aika da su ba. Da ƙafarsa ya je, yaran suka gan shi, suka ji daga bakinsa cewa shi ma daga irin garinsu ya fito, kuma an taɓa ce masa muryarsa ba ta kai ba.

Jihar ta mayar da biki. A 1996 ta ba shi lambarta mafi girma ta farar hula. Akwai dandalin wasanni a bakin kogi a Des Moines, babban birnin jihar, mai ɗauke da sunansa. A 2020 Jami'ar Jihar Ayowa ta sa wa ginin sashen kiɗanta sunansa. Haka ma zauren taron makarantar sakandaren Centerville, garin da a dā ake tura shi lungun bene. A 2022, yana da shekara tamanin da huɗu, ya yi fitowarsa ta bankwana da ofera, ba a Milan ko Bayreuth ba, a ɗan garin Indianola da ke kudu da Des Moines. Wasan Porgy and Bess ne, amma a wannan karon wani mawaƙin daban ne Porgy. Shi ya karɓi ɗan ƙaramin gurbin Frazier, lauyan bogi mai sayar wa talakawa takardar saki, fitowar da ba ta wuce 'yan mintuna ba.